Hanyar Gona Zuwa Kasuwa: Wa Ke Biya, Wa Ke Gyara?

'Yan'uwa manoma, a wannan mako za mu ajiye zancen iri da taki tukuna, mu ɗan taɓa wata magana wadda ta shafi aljihun kowa, watau maganar hanya. Mun ɗauki ƙasar Sanyinna da sauran garuruwan Tambuwal da Kebbe, can kudancin Jihar Sakkwato, don su zama misali. Amma duk manomin da gonarsa ta yi nisa da kwalta zai ga kamar da shi a ke.

Kun san dai kowane buhu farashi biyu gare shi. Akwai abin da za a taya shi a bakin babbar hanya, akwai kuma abin da za a taya shi a ƙofar gidan mai shi can cikin ƙauye. Hatsin ɗaya ne, mudun ɗaya ne, amma kuɗin ba ɗaya ba ne. Mai saye ya riga ya lissafa abin da zai ba mai amalanke ko mai babur, da abin da direba zai caje shi saboda ya san motarsa za ta sha wuya, da abin da zai lalace in an kafe a laka an kwana. Duk wannan daga kuɗin manomi ya ke cirewa. In kuwa taki ne za a kawo, sai lissafin ya juya, manomi ya saya da tsada fiye da mutumin birni. Ashe ke nan sau biyu ya ke biyan kuɗin mugunyar hanya, ran da zai saya da ran da zai sayar, ba kuwa wanda ya taɓa yanka masa rasit.

Gero da dawa da wake suna iya jira a rumbu. Albasa da tumatir da tattasai ba su san jira ba. Manomin fadama shi ya fi kowa sanin wannan, gama ya sha ganin dillali ya tsaya ya yi shiru yana kallon kaya, ya san mai kayan ba shi da ikon mayar da su gida.

Wa ke da hanyar?

Abu na fari da ya kamata manomi ya sani shi ne, kowace hanya a Nijeriya akwai mai ita a takarda. An kasa su kashi uku. Kashi na farko na Gwamnatin Tarayya ne, watau manyan hanyoyin da su ka haɗa jiha da jiha. Irinsu ce wadda ta taso daga Legas, ta bi ta Ilori da Kwantagora da Yawuri, ta faɗo Jega da Aliero, ta ratsa Tambuwal da Dogondaji da Shagari da Boɗinga ta shiga Sakkwato, ta zarce Illela kan iyaka. In wannan ta fashe, maganar ta Abuja ce. Kashi na biyu na Gwamnatin Jiha ne, su ne yawanci su ka haɗa hedkwatar ƙaramar hukuma da babbar hanya ko da wata hedkwata. Kashi na uku, duk sauran ke nan: hanyar da ta tashi daga ƙauye zuwa ƙauye, daga fadama zuwa kasuwa, wadda jaki da amalanke da babur su ke bi kullum. Wannan ta ƙaramar hukuma ce. Tsarin mulkin 1999 ya faɗa sarai cewa yin hanyoyi da magudanai da gyaransu, da kula da kasuwa da tasha, suna cikin aikin ƙaramar hukuma. Har ma ya ba ta ikon yanka lasisin keke da kwalekwale da baro da amalanke.

To, ga inda gizo ke saƙa. An ƙiyasta tsawon hanyoyin ƙasar nan duka ya kai kusan kilomita dubu 200. Na Gwamnatin Tarayya ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba, na jihohi duka a haɗe ma haka. Abin da ya rage, fiye da rabi nesa ba kusa ba, yana wuyan ƙananan hukumomi 774, waɗanda 23 daga cikinsu a Jihar Sakkwato su ke. Watau wanda ya fi kowa ƙarancin kuɗi da injiniya da katafila, shi aka ɗora wa kaya mafi nauyi. Shi ya sa in mutanen ƙauye su ka kai kuka, sai ciyaman ya ce abin ya fi ƙarfinsa, a je jiha. Jiha kuma ta duba takarda ta ce ai ba tata ba ce.

Yadda a ke yi a da

Dattawa za su tuna zamanin En'e. A lokacin nan haraji da jangali su ke cika baitulmali, En'e ta riƙe kasonta ta yi aiki da shi, cikin aikin kuwa har da hanya. Akwai leburorin hanya, an yanka wa kowace ƙungiya iyakarta, da shugabansu a kansu. Kayan aikinsu diga da shebur da kwando. Aikinsu cike rami tun yana ƙarami, da yashe lambatu, da share bakin kwalbati kafin ruwa ya sauka. A wasu hanyoyin burji har shinge a ke sawa, in an yi ruwa mai yawa a tsare manyan motoci sai ƙasa ta tsane, don kada mota ɗaya ta ɓata aikin shekara.

Kada a ce muna yabon zamanin nan ido rufe. An yi aikin tilas a farkon mulkin Turawa, an kwashi talakawa daga gonakinsu su fasa hanya ba da son ransu ba. Hanyoyin ma da yawa na rani ne kawai, da damina sai a haƙura. Kuma Turawa ba don manomi ya ji daɗi su ka tsara su ba, don gyaɗa da auduga da fatu su isa bakin jirgi ne. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙara gaba ba, har yau kuwa dogo bai shiga birnin Sakkwato ba. Saboda haka kayan wannan yanki tun asali a bayan jaki da raƙumi da mota su ke tafiya. Da aka kafa hukumomin sayen gyaɗa da auduga a 1949, farashin da a ke ba manomi a kasuwar da ta yi nisa da dogo ya kan gaza na bakin dogo, saboda kuɗin dako. Daga rarar da hukumomin nan su ka tara kuma aka riƙa ɗiba ana yin waɗansu hanyoyin karkara a Jihar Arewa. Kun ga tun a wancan lokaci da kuɗin manomi a ke yin hanya.

Abin da mu ke so a lura da shi ɗaya ne: a tsarin nan, komai muninsa, akwai mutumin da abincinsa ya rataya ga gyaran wani yanki na hanya, in ya bari ta lalace an san wanda za a kira. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, En'e ta kau, a wancan zamani kuma aka soke haraji da jangali, kuɗin man fetur ya maye gurbinsu. Talaka ya huta da wani nauyi, gaskiya ne. Amma a hankali leburan hanya su ka ɓace, ba a kuwa sa kowa a madadinsu ba.

An yi, an sake yi

Ba za a ce gwamnatoci ba su taɓa tunawa da hanyar karkara ba. A 1975 aka fara shirin raya aikin gona na Bankin Duniya a Funtuwa da Gusau da Gombe, Gusau kuwa a lokacin tana tare da Sakkwato. A farkon shekarun 1980 aka faɗaɗa shi ya game jihar duka ƙarƙashin hukumar SARDA, aka fasa hanyoyin burji zuwa ƙauyuka, aka gina wuraren sayar da taki. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar DFRRI ta abinci da hanyoyi da raya karkara, ita ma ta shiga da gireda ko'ina. A 1994 gwamnatin Janar Abacha ta kafa asusun rarar mai, watau PTF, ta ba Janar Buhari riƙonsa, aka gyara hanyoyi da yawa kafin a rushe shi a 1999.

Kowane ɗaya cikin waɗannan ya yi aiki, akwai ƙauyukan da su ka fara ganin mota a dalilinsa. Amma duk halinsu guda: a zo da kuɗi mai yawa a yi hanya, a yi bikin buɗewa, a miƙa ta ga ƙaramar hukumar da ba a ba ta ko sisin gyara ba. Bayan damina huɗu ko biyar sai ta koma yadda ta ke, wani lokaci ma ta fi da muni, don gireda ta riga ta yi wa ruwa hanya. Sai a zauna jiran wani sabon shiri. Akwai hanyoyin da aka yi su sau uku da sunan hukuma uku, ba a taɓa yi musu gyaran shekara ko sau ɗaya ba.

Ina kuɗin ke fitowa yanzu?

Yawancin abin da Jihar Sakkwato ke kashewa daga Abuja ya ke zuwa, abin da ta ke tarawa a cikin gida kaɗan ne in an gwada. Kowane wata a kan zauna a raba abin da ya shiga asusun tarayya. Cikin kowace naira 100, Gwamnatin Tarayya ta ɗauki 52.68, jihohi 36 su raba 26.72, ƙananan hukumomi su raba 20.60. Akwai kuma harajin kayan saye, wanda aka mayar kashi 7.5 cikin 100 a 2020. Shi manomi ma yana biyansa duk sa'ad da ya sayi katin waya ko kwanon rufi ko kayan gyaran babur. A da jihohi rabinsa su ke samu. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a 2025 ta ƙara musu zuwa kashi 55, ta bar wa ƙananan hukumomi 35 ɗinsu. Bayan waɗannan sai rance, na cikin gida da na waje. Na waje tun daga Abuja a ke zare biyansa kafin kason jiha ya iso.

Kason ƙaramar hukuma kuwa shekara da shekaru ba ya zuwa hannunta kai tsaye, sai ya biya ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha. In an cire albashin ma'aikata da na malaman firamare da sauran abubuwan da a kan cire, abin da ya isa sakatariya ba ya yin ko gada ɗaya. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Hukunci daban, cika shi daban. Amma dai yanzu talaka ya sami abin kafa hujja in ya je gaban ciyaman ya tambaye shi nawa ya shigo wannan wata, nawa kuma aka ware wa hanya.

Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Ba sai mun gaya wa mai injin ban ruwa abin da wannan ya yi masa ba, ko wanda ya ɗauki hayar kanta daga Kebbe. A ɗaya gefen kuwa kason da jihohi ke samu ya ƙaru ƙwarai. Kasafin kuɗin da Gwamna Ahmed Aliyu ya kai wa majalisar jiha na 2024 wajen naira biliyan 270 ne, na 2025 ya haura biliyan 520. Lalle darajar naira ta faɗi a tsakanin nan, siminti da rodi da man gas da kwalta duk sun yi tsada, saboda haka ninkin kuɗi bai zama ninkin aiki ba. Duk da haka, tun da daga aljihun mai hawa mota da mai dakon kaya ƙarin nan ya fito, ba rashin kunya ba ne manomi ya tambayi rabon hanyarsa a ciki.

Yadda a ke zaɓen hanyar da za a yi

Kowace shekara ma'aikatu su kan rubuta abin da su ke bukata su kai wa ma'aikatar kasafi da tsare-tsare. A daidaita, majalisar zartarwa ta duba, Gwamna ya kai wa majalisar dokoki mai wakilai 30, yawanci wajen ƙarshen shekara. Su yi muhawara, su ƙara su rage, su mayar masa ya sa hannu. Kasafin kashi biyu ne, na yau da kullum kamar albashi, da na manyan ayyuka.

Akwai abu biyu da ya kamata a gane a nan. Na ɗaya, ganin sunan hanya a cikin kasafi ba shi ne an fitar da kuɗinta ba. Kasafi niyya ce. In kuɗi ya gaza, albashi ba ya jira, sai a taɓa na ayyuka, a cikin ayyukan ma wanda ba mai magana a kansa shi a ke fara yankewa. Akwai hanyar da za ta shekara biyar tana fitowa a littafi ba a zuba mata ko tifa ɗaya ta tsakuwa ba. Na biyu, sabon aiki kullum ya fi gyara farin jini. Sabuwar kwalta a cikin birni ana ganinta, a kafa allo, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto. Wanda ya yashe kwalbati ashirin tsakanin ƙauyuka ba mai yi masa kirari, ko da ya ke shi ya ceci amfanin gonar mutum dubu. Ba mu ce birnin Sakkwato ba ya bukatar hanya ba, manomi ma can ya ke kai marar lafiyarsa. Amma da za a auna kowace hanya da yawan mutanen da ke binta, da buhunan da ke fita ta kanta, da watannin da ta ke yankewa a shekara, da jerin ya sha bamban da wanda a kan gani.

Kada kuma a ɗauka samun babban mutum a gari shi ne magani. Ƙasar Tambuwal ta ba da Gwamna, Alhaji Aminu Waziri Tambuwal, daga 2015 zuwa 2023. Garin Shagari da ke maƙwabtaka ya ba da Shugaban Ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Mai mulki ya kan yi iyakar abin da ya samu yi ya sauka, ruwan sama kuwa kowace shekara sai ya dawo. Hanyar da ta dogara ga wanda ke kan kujera, ran da ya tashi ta zama marainiya.

Wani abin kirki da aka samu shi ne, tun daga 2018, ta dalilin wani shiri na Bankin Duniya, jihohi sun shiga buga kasafinsu a intanet, da rahoton abin da aka kashe duk wata uku. Manomi ba lalle ya iya karantawa ba, amma ba ƙauyen da ya rasa ɗan makaranta mai waya. A sa shi ya nemo shafin ma'aikatar ayyuka da ta raya karkara, ya karanta wa jama'a a dandali abin da aka rubuta da abin da aka fitar.

Abin da ke kashe hanya

Ruwa ne babban abokin gābar hanya, ta kwalta ce ko ta burji. Hanya mai kyau ana yi mata doro a tsakiya don ruwa ya gangare gefe, a yi lambatu ya kwashe shi, a sa kwalbati inda rafi zai ƙetare. In lambatu ya cika da yashi, ruwa ya kwanta a kan hanya, ya jiƙa ƙasan, mota ta taka ta nutse. In kwalbati ya toshe, ruwa ya taru a bayansa har ya ci gefe ya ɓalle, hanya ta rabu biyu a dare ɗaya. A ƙasarmu ruwan shekara duka cikin wata huɗu ya ke zuba, daga Yuni zuwa Satumba, ƙasar kuwa rairayi ce a wurare da yawa, ba ta da riƙo. Ƙasar Kebbe ga kogin Zamfara ya ratsa ta kan hanyarsa daga Gumi zuwa Jega, ga ƙoramu masu zuba cikinsa. A irin wannan wuri, hanya mai kilomita 20 sau da yawa wuri biyu ko uku ne kawai ke hana ta biyuwa da damina. Gyaran wuraren nan bai kai kuɗin kilomita ɗaya ta sabuwar kwalta ba.

Na biyu nauyi. Wani gwaji da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa in aka ninka nauyin da ke kan ƙafar mota sau biyu, ɓarnar da za ta yi wa hanya ta kan ninka wajen sau 16. Saboda haka tirela ɗaya da aka yi wa lodin wuce kima ta fi dubban babura ɓarna. A nan mu ma muna da laifi, gama wa ke cewa a ƙara buhu goma a sama don kuɗin mota ya sauka? Akwai kuma wanda ke nome har cikin lambatu don ya ƙara kunya biyu a gonarsa, da mai ɗibar ƙasar gini a gindin hanya, da mai datse magudana don kada ruwa ya bi ta gonarsa. Waɗannan ba sai an jira Abuja ba, uban ƙasa da hakimai da masu unguwa sun isa su tsawata.

A 1988 Bankin Duniya ya fitar da lissafi a kan ƙasashe 85 masu tasowa. Ya ce sun yi hasarar hanyoyi na wajen dala biliyan 45, alhali da sun kashe biliyan 12 a gyaran kan kari da ba a yi hasarar ba. Manomi ba ya bukatar a fassara masa wannan. Ya san abin da ke faruwa ga rumbun da ba a yi wa yaɓe da baibaya ba.

Asusun gyara

Maganin da ƙasashe da yawa su ka kama shi ne a ware wani asusu na gyaran hanya kaɗai, a riƙa zuba masa wani abu daga kuɗin kowace litar mai, kada ya jira rabon kasafi. Ghana da Kenya sun daɗe da irin wannan. Mu ma a takarda muna da shi. An kafa hukumar gyaran hanyoyin tarayya, FERMA, a 2002. Gyaran dokarta na 2007 ya ce a ɗauki kashi 5 cikin 100 na kuɗin fetur da gas, hukumar ta riƙe kashi 40 na abin da aka tara, 60 ya tafi ga hukumomin gyaran hanya na jihohi. Shekaru su ka yi ta wucewa ba a aiwatar ba. Yanzu da mai ya yi tsada haka, ba mu ga wanda zai yi murna da wani ƙari a kan lita ba. Abin da ya fi dacewa shi ne jiha ta yanki wani kaso tsayayye daga ƙarin da ta riga ta samu, ta ɗaure shi da doka.

Akwai ƙofar da ta buɗe. A Fabrairu 2020 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 280 don shirin hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, wanda a ke kira RAAMP, hukumar raya ƙasashe ta Faransa kuma ta ƙara nata. Sakkwato da Kebbi suna cikin jihohi 13 na farko. A Disamba 2024 bankin ya amince da ƙarin dala miliyan 500 don faɗaɗa shi. Abin da ya raba shi da na baya shi ne an nemi kowace jiha ta kafa hukumar hanyoyin karkara da asusun gyara ta hanyar doka. Wannan shi ne daidai. Sai dai a tuna rance ne, 'ya'yanmu za su biya. Kafa asusu kuma abu ne mai sauƙi, zuba masa kuɗi kowane wata shi ne aikin. In an bar shi fanko, to, an maimaita labarin 1986 ke nan, da bashi a kai.

A Oktoba 2024 aka ƙaddamar da babbar hanyar da za ta tashi daga Illela zuwa Badagiri a bakin teku, mai tsawon kilomita 1,068, wadda Gwamnati ta ce tun zamanin Shagari aka yi tunaninta. In ta kammalu, albasar Sakkwato da Aliero za ta isa kudu da sauri, muna kuwa fatan haka. Amma buhu ba ya tashi sama ya sauka a kanta. Sai ya fara bin kilomita goman nan na laka ko rairayi tukuna, a nan ne kuma a ke karya masa farashi. Har wa yau, garuruwan Kebbe da su ka sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan sun san cewa hanyar da ta hana mai sayen hatsi shigowa, ita ce ke hana agaji isowa da wuri.

Abin da za a iya yi kafin damina

Shawararmu ga ƙungiyoyin manoma na Sanyinna da Jabo da Dogondaji da Kuchi da sauransu ita ce, kada a tafi da kuka a baki kawai. Tun ruwa bai ɗauke ba, a zaga a ga inda hanya ke yankewa, a ɗauki hoto da waya, a rubuta sunan wurin, da ƙauyukan da ke bayansa, da irin amfanin da su ke fitarwa, da kwana nawa mota ba ta wucewa. A bincika a san ko hanyar ta jiha ce ko ta ƙaramar hukuma, don kada a kai takarda inda za a ce ba nan ba ne. In ta ƙaramar hukuma ce, a bi ta kansila zuwa ga ciyaman. In ta jiha ce, a kai wa ɗan majalisar jiha na mazaɓar, a ba ofishin RAAMP na jiha kwafe. A sa uban ƙasa ya sa hannu. A kai tun watan Satumba ko Oktoba, gama in an bari Gwamna ya riga ya karanta kasafi, sai wata shekara.

Kuma a roƙi abin da zai samu. Ƙauyen da ya ce sai kwalta, ya kan shekara goma yana jira. Wanda ya ce kwalbati uku da tifa talatin na tsakuwa da gireda sau ɗaya bayan kowace damina, ya fi kusa da samu, kuma kunyar hana shi ta fi yawa. In an zo yin aikin, a tambayi injiniya a gaban jama'a: wa zai gyara ta baɗi, da wane kuɗi? A nemi a ɗauki samarin ƙauyukan da ke bakin hanyar, a yanka wa kowa iyakarsa, a riƙa biyansa wata-wata don yashe lambatu da cike rami. Inda ba a samu haka ba, gayya ɗaya a watan Mayu, kowa da fartanyarsa da shebur, ta isa ta buɗe bakin kwalbatocin da ke tsakanin gari da gari kafin ruwan fari ya sauka.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan adana albasa, da irin rumfar da ta fi rage ruɓa ga wanda ya ke so ya jira farashi.